Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Da Ke Yaye Masu Digiri Na Biyu Da Na Uku A Ilimin Dausayi Da Kwarin Kogi

Assalamu alaikum, malamaina. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ina neman afuwa tun farko, don ɗalibi ne zai ɗaga murya a gaban waɗanda suka koya masa riƙe alƙalami. Na zauna a ajinku shekaru da dama da suka wuce, na fita da digiri na biyu a wannan fanni, yau kuma ni ne ke bayan tebur ranar da yaranku suka zo neman aiki. Abin da nake gani daga wannan kujerar ne ya sa na rubuto muku. Na zaɓi in faɗa a bainar jama'a saboda ciwon ya wuce na jami'a ɗaya, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bara mun ɗauki wani matashi mai takardu masu kyau. Kundin bincikensa cike yake da taswirori masu launi, ya nuna yadda wani dausayi ya tsuke cikin shekaru 30, kuma aikin ya yi kyau, ba na rage masa komai. A makonsa na biyu muka fita da shi duba wani fili da ake son yin gini a kai. Tsakiyar rani ce, ƙasa ta bushe ta tsattsage, ko ɗigon ruwa babu. Na miƙa masa ƙarfen haƙa, ya murza ya nutsa shi kamar kamu biyu, ya zaro. Ƙasar da ta fito toka-toka ce, da ɗige-ɗigen ja kamar tsatsa a bin sawun saiwoyi. Na ce masa, "To, me ƙasar nan ta faɗa maka?" Ya jujjuya ta a tafin hannu, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in mun koma ofis zai duba hoton tauraron ɗan'adam ya gaya mini.

Ku kun san amsar, don ku kuka koya mini ita. Ƙasar da ruwa ya daɗe kwance a kanta iskar shaƙa ke ƙare mata, sai ƙwayoyin halittar da ke cikinta su koma kan sinadarin ƙarfe, ƙarfen ya narke ya bi ruwa, launin ja ya tafi da shi, a bar toka. Inda iska ta samu ta kutsa ta bin saiwa, nan ƙarfen ke sake yin tsatsa. In aka ƙara nutsawa aka ji ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, to ruwan ya zauna har ya kai ga farar wuta. Wato ƙasar tana riƙe da labarin damina ko da rani ya kai inda ya kai. Mai son cike dausayi ya yi gini kuwa da rani yake zuwa, lokacin da hoto zai nuna tudu ne. Duk wanda bai iya karanta wannan dunƙulen ƙasa ba, da hannunsa zai sa hannu a kan takardar da za ta binne wurin.

Ban ga laifin yaron ba. Ya gaya mini sau biyu kacal ya taka wurin da ya rubuta kundinsa a kai, kuma duka biyun da yamma ya dawo gida. Na kuma san dalilinku. Tun 2008 da aka saki hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta, ɗalibi na iya zama gaban kwamfuta ya duba tarihin tafki tun daga shekarun 1970 ba tare da an sayi man mota ko an yi hayar kwalekwale ba. Ga ƙarancin kuɗin bincike, ga ɗalibai sun yi wa malami ɗaya yawa, ga wa'adin shekara biyu na tsaye a ƙofa. Wane ne ba zai bi hanya mai sauƙi ba? Ni ma kullum da waɗannan hotuna nake aiki, kuma ba na fatan komawa zamanin da babu su.

Sai dai tauraro saman abu yake gani. Ku tuna abin da ya faru a kwarin Kwango. Shekara da shekaru ana ɗaukar hoton dajin nan daga sama, babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin bishiyoyin, sai da wata ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Leeds ta Ingila, Greta Dargie, tare da malaminta Simon Lewis da abokan aikinsu na Kwango irin su Suspense Ifo, suka shiga fadamar da ƙafa, suna nutsa ƙarfe cikin laka suna awo. A 2017 suka bayyana cewa a wurin akwai shimfiɗar ƙasar ruɓaɓɓun ganye da itace, wadda muke kira fit, mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, ta fi Ingila girma, tana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30. Da hotunan tauraro suka zana taswirar, amma sai da ƙafa ta fara gaya wa hoton abin da zai nema. Aikin ɗaliba ne wannan, malamaina, irin ɗaliban da ke zaune gabanku yau.

In aka bi asalin fannin ma, haka ya tashi. Raymond Lindeman shekara biyar ya yi yana zuwa wani ɗan ƙaramin tafki mai laka a jihar Minnesota ta Amurka, shi da matarsa Eleanor, suna ɗebo laka da ruwa suna tacewa suna ƙirga abin da ke ciki. Daga wannan wahalar ya fito da tunanin bin sawun kuzari daga tsiro zuwa ƙwaro zuwa kifi, abin da yau ake koya wa kowane ɗan aji ɗaya. Da farko mujallar da ya aika wa ta ƙi karɓar rubutun, sai da G. Evelyn Hutchinson na Jami'ar Yale ya tsaya masa. Aka buga a 1942, watanni kaɗan bayan rasuwarsa yana da shekara 26. Kullum na tuna labarin nan sai jikina ya yi sanyi.

Amma misalin da nake so mu daɗe a kansa shi ne na dajin Hubbard Brook a jihar New Hampshire ta Amurka. A 1963 Herbert Bormann da Gene Likens da abokan aikinsu suka fara wani abu da ba shi da wani armashi a ido. Akwai ƙananan kwaruruka a gefen dutse, kowanne da rafinsa, a ƙarƙashinsu kuma dutse ne da ruwa ba ya ratsawa, saboda haka duk ruwan da zai bar kwarin ta ƙasa sai ya bi ta rafin. A bakin kowane rafi akwai 'yar madatsa mai tsagi kamar harafin V inda ake auna abin da ya fita. Su kuma suka shiga tara ruwan sama da ruwan rafi mako-mako suna duba sinadaran da ke ciki: me ya shigo, me ya fita. Ba ruwan sama mai asid suka je nema ba. Awon ne ya nuna musu ruwan da ke sauka a dajin da ke nesa da masana'antu ya yi tsami fiye da kima, suka bayyana haka a 1972, kuma wannan jerin awo na cikin hujjojin da suka kai ga gyaran dokar tsabtar iska ta Amurka a 1990. A hunturun 1965 zuwa 1966 sun sare duk bishiyoyin kwari ɗaya suka bar su a kwance, suka hana sabon tsiro fitowa. Ruwan rafin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar farko, sinadarin naitiret da ke fita kuma ya ninka fiye da sau 40. Da ba su da awon shekarun baya, da ba su da kwarin maƙwabta da aka bari yadda yake don kwatanci, da waɗannan alƙaluma ba su da ma'ana. Har yau ana ci gaba da awon, ɗalibai nawa ne suka yi digiri a kan bayanan da waɗanda suka riga su suka tara, Allah kaɗai ya sani.

Haka David Schindler ya yi a tafkunan gwaji na Ontario a Kanada. A 1973 ya raba Tafki na 226 gida biyu da labule, ya zuba kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, ya ƙara fosfaras a ɗaya kawai. Ɓangaren fosfaras ya rikiɗe ya zama kore shar da gansakuka, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoto ɗaya daga sama ya kashe gardamar da aka daɗe ana yi a kan wane sinadari ne ke sa gansakuka ta mamaye tafki.

To ga roƙona na farko, kuma shi ne babba. Kowane sashe a cikinku ya ɗauki rafi ɗaya ko dausayi ɗaya da ba shi da nisa, ya riƙe shi riƙon gado. A kafa sandar awon ruwa, a binne bututu biyar ko shida na duba zurfin ruwan ƙasa, a sa ma'aunin ruwan sama, a keɓe wasu 'yan filaye da za a riƙa ƙirga tsirransu kowace shekara a wata guda. Duk ɗalibin da ya shigo, ko mene ne taken bincikensa, ya karɓi littafin awon daga na gaba da shi, ya miƙa wa na baya. Wannan ba ya buƙatar wani gagarumin tallafi daga waje. Abin da yake buƙata shi ne malami ɗaya mai naci, da sashen da zai ɗauki kula da littafin a matsayin aiki na gaske ranar da ake duba ƙarin girma.

Na san zafin rashin wannan a jikina. Damina biyu na yi ina auna wani rafi lokacin karatuna. Akwai wani dattijo da ke zaune kusa da gadar, shi ke karanta mini sandar awo safe da yamma in ba na nan, yana rubutawa da fensir a wani littafi da ya naɗe cikin leda. Ranar da ambaliya ta tafi da na'urar da na ɗaure a gindin gada, littafin Baba ne ya ceci kundina, don ya fito cikin ruwan ya karanta sandar da tocila, har ya rubuta a gefe cewa ruwan ya zo da jar ƙasa, alamar daga wane reshe ya taso. Na gama, na miƙa kundi, na haɗa da kwafin awon duka. Bayan wasu shekaru na haɗu da wata ɗaliba da aka tura wannan rafin dai, tana fara awo daga farko. Ba ta taɓa jin an yi wani aiki a wurin ba. Na tambaya a sashen, aka ce an sauya ofis, ba a san inda kwalayen suka shiga ba. Da an haɗa nawa da nata da na waɗanda ke tsakaninmu, da yau muna da abin da za mu ajiye gaban mai shirin gina madatsa mu ce ga yadda ruwan nan yake. Kuma kun fi ni sanin cewa a sassa da yawa na duniya tashoshin awon koguna raguwa suka yi tun daga shekarun 1980, a daidai lokacin da rahoton 2018 na Yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare dausayi, ke cewa kusan kashi 35 cikin 100 na dausayin duniya ya salwanta tsakanin 1970 da 2015, da saurin da ya ninka na dazuzzuka sau uku.

Baban nan ya kawo ni ga magana ta biyu. Da wuya ka sami dausayin da babu mutane a kansa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masunta sun san watan da kifi ke hawa fadama ya yi ƙwai, makiyaya sun san ciyawar da ke fitowa bayan janyewar ruwa da wadda ke nuna wuri ya lalace, manoma sun san shekarar da kachalla ta fara toshe hanyar ruwa. A Kolkata ta Indiya, wani injiniya mai suna Dhrubajyoti Ghosh ya bi sawun ƙazantar birnin a farkon shekarun 1980 don ya ga inda take ƙarewa, sai ya tarar masunta da manoma na gabashin birnin sun daɗe suna tace ta a tafkunan kiwon kifi da taimakon rana da gansakuka, ba tare da wani ya koya musu a aji ba. Wurin ya shiga jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a 2002. A arewacin Kamaru kuma, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamar Logone, kifi da makiyaya suka ja baya, sai a 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa don a mayar da wani ɓangare na ambaliyar. Rabin irin wannan aiki lissafin ruwa ne, rabin kuwa zama ne da jama'a ana sauraro ana sasantawa. Ku gaya mini, a wane kwas ɗalibinku ke koyon yadda zai zauna gaban mutane 40 da ke zargin ya zo ne ya ƙwace musu wurin kamun kifi? A wane kwas yake koyon taƙaita kundi mai shafi 150 zuwa shafi biyu da shugaban hukuma zai karanta kafin ya shiga taro? Na ga masu digiri na uku da suka kasa wannan, kuma shi ne abin da za a fi nema a wurinsu duk tsawon rayuwar aiki.

Yanzu sai maganar da ba a cika so a yi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin waɗanda kuke yayewa ba za su zama malaman jami'a ba, kujerun ba su kai ba. Amma tsarin karatun kamar an gina shi ne don kowa ya gaji malaminsa: a buga maƙala, a je taro, a nemi digiri na gaba. Ayyukan da ke akwai a wani wurin suke. Suna kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin manyan ayyuka ga muhalli, da hukumomin ruwa da na koguna, da masu sarrafa madatsu da ke buƙatar wanda zai ce a saki ruwa kaza a wata kaza, da ƙungiyoyin kare muhalli masu ɗaukar mutum kwantiragin shekara biyu ko uku, in kuɗin aikin ya ƙare a yi sallama. Akwai kuma aikin gyaran ɓarnar da aka riga aka yi, wanda ba ƙaramin fage ba ne. Kogin Kissimmee na jihar Fulorida ta Amurka an miƙar da shi tsakanin 1962 da 1971, aka mayar da tafiyar kilomita 166 mai lanƙwasa ta zama magudanar kilomita 90, fadamarsa ta bushe, tsuntsayen ruwa suka watse. Daga 1999 zuwa 2021 ana aikin cike wani ɓangare na magudanar don kogin ya koma tsohuwar hanyarsa. Mutane da yawa sun yi rayuwar aikinsu a kan wannan gyara kaɗai.

Abin da ya kamata ɗalibi ya ji daga bakinku shi ne cewa kasuwar aikin nan doka take bi. A Amurka, dokar tsabtar ruwa ta 1972 ce ta wajabta neman izini kafin a cike dausayi, littafin jagora na 1987 kuma ya ce da tsirrai da ƙasa da alamun ruwa ake gane iyakarsa, sai ga sana'a sukutum ta masu shata iyakar dausayi ta kafu. A watan Mayun 2023 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Sackett, ta taƙaita irin dausayin da dokar ke karewa, lissafi ya sauya a rana ɗaya. A Turai, dokar tsarin ruwa ta shekarar 2000 ce ta tilasta a riƙa tsara kula da ruwa bisa kwarin kogi, ita ta buɗe ƙofofin aiki da yawa. Inda doka ke barci kuwa, mai digirin na iya ƙarewa yana koyar da wani darasi daban, ko yana sana'ar da ba ta haɗa hanya da karatunsa ba. Ɗalibin da bai taɓa buɗe dokar ruwa ta ƙasarsa ba bai san wanda zai biya shi albashi ba.

Akwai kuma abin da babu wanda ya shirya ni dominsa. Wanda zai cike dausayin shi ne ke biyan kuɗin rahoton da zai ce ko a cike ko kar a cike. A shekarata ta biyu da fara aiki, wani mai gini ya shimfiɗa taswirata a kan bonet ɗin motarsa, ya ɗora yatsa a kan layin da na ja, ya ce cikin fara'a, "Ɗan matsar mana da shi nan mana, ai ba wanda zai zo ya haƙa." Taku 50 ne kawai. Na tsaya ina kame-kame, gumi na keto mini, don ban san ko maigidana zai goya mini baya ba, kuma ina da iyali. Abin da ya tsayar da ni a ranar shi ne ina da ramuka 12 da na haƙa, kowanne da hotonsa da lambar wurinsa da launin ƙasarsa a rubuce. Na ce masa layin ba ni na ja ba, ramukan ne suka ja, in yana so mu je in sake haƙawa a gabansa. Bai je ba, bai kuma sake ba mu aiki ba. Ku kawo irin waɗannan mutane da suka sha wannan rana su yi wa ɗalibai magana a aji, kafin su gamu da ita su kaɗai a bakin mota.

Game da digiri na uku, ra'ayina ba zai yi wa wasunku daɗi ba. Ga mai son aikin fili ko na hukuma, digiri na biyu mai ƙwari tare da shekara uku na gogewa ya fi masa amfani sau da yawa. Na ukun na wanda wata tambaya ta hana shi barci ne, wanda zai iya ba ta shekara huɗu ko biyar. Kada ku karɓi ɗalibin digiri na uku a wannan fanni alhali kun san babu kuɗin da zai kai shi fili ko na gwajin samfurin ruwa, don ƙarshenta zai koma gaban kwamfuta ya fito da taswirori, mu sake haɗuwa da shi a teburina. Sannan ku wallafa inda ɗalibanku na shekaru 10 da suka wuce suke a yau: nawa ke aikin fannin, nawa suka bar shi, nawa ke zaune. Mai shirin kashe ƙuruciyarsa da kuɗin iyayensa yana da haƙƙin ganin wannan kafin ya cike fom.

Yaron nan na bara yana nan tare da mu. Na haɗa shi da wata ma'aikaciyarmu da ta fi shekara 15 tana shiga laka, suka yi damina guda suna fita. Kwanan baya ya dawo ofis wandonsa jiƙe har gwiwa, da tabon matsattsaku a ƙafa, yana gardama da ita a kan ko wani kwari ruwan ƙasa ke ciyar da shi ko na ambaliya, kuma shi ke da gaskiya. Yanzu taswirorinsa sun fi na kowa a ofishin, don ya san abin da kowane launi ke nufi a ƙasa. Damina ɗaya ta yi wannan, kuma a wurinku ya kamata ya same ta.

Muna da rafuka uku da muke aunawa a kai a kai, da ƙarfen haƙa biyu da ke jingine ba kullum ake amfani da su ba. Duk sashen da ke son turo ɗalibai biyu ko uku, ƙofa a buɗe take, amma a turo su kafin ruwan farko ya sauka don su ga wurin a bushe su kuma ga cikarsa. Su zo da takalmin ruwa da fensir, biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Tsohon ɗalibinku.